Mussa ba akuya ba ce: ruwan gishiri ya ishi ciwonta, a bar baƙin mai da grezil



Yau zancen mussa za mu yi, wadda wasu ke kira kyanwa, wasu mage. Mun san akwai wanda tun daga nan zai ja tsaki ya wuce, ya ce mutane na kwance gidan likita babu kuɗin magani, su kuma waɗanga sun zauna suna zancen mussa. Ba mu raina wannan magana ba, don akwai gaskiya cikinta. Sai dai abin da za mu faɗa bai buƙatar jika ko ɗaya daga aljihun maigida. Gishirin dala biyar da ruwan da aka tafasa sun isa. Kuma in kun yi haƙuri kun karanta, za ku ga rabin zancen na lafiyar yaran gida ne, don su ne ke ɗaukar mussa in ta ji ciwo, su ne kuma take cizo.

Kowa ya san aikin da mussa ke yi mana ba albashi. Mai rumbun hatsi ya sani, mai shago a kasuwar Maraɗi ko Katako ya sani, matar da ke ajiyar gujiya da wake a ɗaki ta sani. Gidan da babu mussa, kusu ke sarauta. Amma ranar da ta dawo da ƙafa a tsage, sai ka ga gida ya rabu biyu. Wasu su ce a ƙyale ta, ai rai bakwai gare ta, za ta lashe abinta ya warke. Wasu kuma tausayi ya kama su, su ɗauko abin da suka saba sa wa jaki ko akuya su zuba mata. A ganinmu na biyun nan sun fi kashe mussa, duk da cewa niyyarsu ta fi kyau.

Dubi abubuwan da ake sawa. Baƙin mai na mota ko na babur. Kananzir. Grezil ɗin da ake wanke makewayi da shi. Dettol. Toka, ƙasa, garin batir. In tsutsa ta shiga, a ɗiga piya-piya. Wasu su fasa kafso su barbaɗa. Duk wannan mun san ana yi, kuma mai yi zai ce maka ai ya yi wa rago ya tashi.

To ga inda bambancin yake. Mussa dabba ce mai lasar jikinta dare da rana. Duk abin da ka shafa mata a fata, ka sani ka ba ta ne ta sha. Na biyu, hantarta ba irin ta akuya ba ce, ba irin tamu ba ce. Akwai wani sinadari da hantar mutum da ta kare ke amfani da shi wajen narkar da wasu magunguna su fita ta fitsari, ita mussa nata kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa dangin sinadarin da ke cikin grezil da Dettol ke taruwa a jikinta ya zama guba, bayan ya ƙone mata baki da harshe wurin lasa. Piya-piya kuwa maganin ƙwari ne mai ratsa fata, yana kama jijiyoyi: sai ka ga miyau na zuba, jiki na rawa, numfashi na sarƙewa. Mutane su ce ciwon ne ya kashe ta, alhali maganin ne.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne farasitamol, don babu gidan da babu shi, ko Doliprane ko Efferalgan ko na masu talla a tire. Yaro ya ga mussarsa na kuka, ya ce bari in ba ta maganin ciwo kamar yadda inna ke ba ni. Ƙwaya ɗaya mai miligram 500 na iya kashe babbar mussa. Yana lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, cikin kwana ɗaya ko biyu a wayi gari ta mutu. Ibuprofen shi kuma ƙoda da ciki yake ci. Dan Allah iyaye, wannan kaɗai in kuka gaya wa yaranku yau, rubutun nan ya biya. Babu maganin ciwo na mutane da ake ba mussa sai in likitan dabbobi ne ya ce.

Alkol da ruwan nan mai kumfa na faramasi, wanda ake cewa o oksijene, su ba su kai waɗancan haɗari ba, amma su ma ba mu ba da shawararsu. Suna da zafi, suna kashe sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa, kuma mussar da ka zuba wa alkol sau ɗaya ba za ta sake yarda ka kama ta ba.

Yanzu me za a yi?

Kafin a taɓa ciwo, a fara da kama mai ciwon. Mussar da ta ji rauni ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yaƙushi, ko da a kan ƙafarka ta girma. Kada a ba yaro wannan aiki. Mutum biyu manya ake so, a cikin ɗaki a rufe ƙofa, ba hayaniya, ba taron kallo. A samu tsohon bargo ko tawul ko zane mai kauri a lulluɓe ta, a naɗe ta kamar jinjiri, a bar wurin ciwon kaɗai a waje. In an rufe mata kai da gefen zanen ba tare da an toshe hanci ba, takan lafa. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yi aiki. Mai aikin ya wanke hannu da sabulu, in akwai safar hannu ta likita ya sa, in babu ya zura hannu cikin leda mai tsabta. In ta haukace ta ƙi kamuwa, a sake ta cikin ɗakin ta huce. Kokawa da mussa ba ta da riba ga kowa.

In jini na zuba, shi ne farko. A ɗora tsumma mai tsabta ko kwampires a danna da hannu, a riƙe minti 5 zuwa 10 ba ɗagawa. Matsalar mutane ita ce leƙe: kowane rabin minti a ɗaga a duba ko ya tsaya, sai a ɓalle gudan jinin da ya fara toshe wurin. In tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kansa. Kuma kada a ɗaure ƙafa da roba ko igiya wai don jini ya tsaya, a manta da ita har safe. Haka ƙafa ke mutuwa ta ruɓe.

Sai ruwan wanki. A tafasa ruwa rabin lita, wato kimanin ledar piyawata ɗaya, a zuba gishirin miya ƙaramin cokali ɗaya, a shafe bakinsa kada ya yi tozo. A bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Wannan awon ba da ka aka yi shi ba: ya yi kusa da gram 9 a lita, gwargwadon gishirin da ke cikin jinin dabba da na mutum, irin ruwan da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti. Shi ya sa ba ya zafi. In aka cika gishiri wai don ya fi ƙarfi, azaba ce kawai aka ƙara. Kanwa da manda ba su shiga nan.

A ɗauki almakashi a rage gashin da ke kewaye da ciwon a hankali, don gashi ke riƙe datti, shi ke mannewa a kan ciwo ya rufe ƙazanta a ciki. Sannan a wanke. Abin da ya fi shi ne sirinji sabo da aka cire wa allura, a zuƙo ruwan gishirin a fesa cikin ciwon, a sake, a sake. In babu sirinji, a huda murfin gorar roba mai tsabta a matsa. Yawan ruwan shi ne maganin. Ana so ya kwashe yashi da gashi da ƙwayoyin cuta ya fita da su, don haka kada a yi rowa, a ƙarar da rabin litar nan in ta kama. Kada a goga da auduga, zarenta na maƙalewa. In an ga ƙaya ko tsinke a sama-sama a cire. In abu ya nutse ciki, kamar waya ko gilashi, a bar shi wa likita, don cire shi na iya buɗe jijiya.

Wanda ke da Betadine, mai ruwan ɗorawar kwalba, zai iya ɗiga kaɗan cikin ruwa har launinsa ya zama kamar shayin da bai yi ƙarfi ba, irin na uku da ake ba yara, ya yi ɗauraya ta ƙarshe da shi. Ba a zuba shi tsagwaronsa cikin buɗaɗɗen ciwo. Bayan nan a tsane gefen da tsumma mai tsabta. Shi ke nan. Ƙaramin ciwo ba ya son ɗauri, iska ta fi masa. A maimaita wankin safe da yamma, kwana uku zuwa biyar.

Akwai masu tambayar zuma. Gaskiya ne zuma tsantsa na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ciwo, har likitoci na amfani da ita. Amma a gidajenmu zuma a jikin mussa na nufin tururuwa da ƙuda, kuma nan take za ta lashe. Sannan wa ya tabbatar maka zumar kasuwa ba sukari aka dafa ba? Mu dai mun fi natsuwa da ruwan gishiri.

Abin da ya rage shi ne tsaro, kuma nan mutane suka fi gajiya. A ajiye ta cikin ɗaki kwanakin nan, da ruwan sha da abinci da ɗan kasko na yashi don bayan gida. Dalili ƙuda ne, musamman da damina. Ƙuda na yin ƙwai a ciwo, cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin nama. In har ta shiga, a wanke da ruwan gishiri a tsince ta ɗaya-ɗaya da hantsaki, a nemi ma'aikacin dabbobi. Batun lasa kuma, wai miyaunta magani ne, ku tuna harshen mussa kamar zarto yake, kuma bakinta cike yake da ƙwayoyin cuta. Lasa kaɗan ba komai, amma in ta dage tana buɗe ciwon, a yanka kwali a yi mata kamar mazurari a wuya, a bar sararin yatsa biyu tsakaninsa da wuyan. Za ta yi fushi kwana ɗaya, ta saba.

Ƙuna daban take. Mussa na yawan gamuwa da ruwan zafi ko man suya a madafa, wani lokaci tsautsayi, wani lokaci kuma da gangan aka watsa mata don ta saci kifi, abin da ba mu ga uzurinsa ba ko kaɗan. A zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 10 zuwa 20. Ba man gyaɗa, ba man goge baki, ba ƙwai.

Ciwon da ya fi yaudarar mutane shi ne na faɗan muzurai. Kun san kukan nan na tsakar dare a kan katanga. Da safe muzurunka ya dawo, ka duba ba ka ga komai ba sai ɗan gashi da ya manne. Haƙorin mussa siriri ne kamar allura, yana shiga ya zuba ƙazanta can ciki, bakin ramin ya rufe nan da nan. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai wurin ya kumbura ya yi zafi, dabba ta daina ci, ta ɓuya a lungu, tana ɗingishi. Ƙurji ne ya tara mugunya. Yawanci a kumatu, ko wuya, ko gindin wutsiya ga wanda ya juya ya gudu. In ya fashe da kansa, wari zai gaya maka: a wanke ramin sosai da ruwan gishiri, kada a bari bakin ya rufe da wuri. In bai fashe ba, kada a sa reza. Wannan aikin likita ne, shi zai tsaga ya kuma ba da maganin da ya dace da nauyinta.

Haka duk ciwon da ya wuce fata har ana ganin nama ko ƙashi, ko ya shiga ƙirji ko ciki ko ido, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan minti 10 na dannawa, ko dasashi ya yi fari, ko numfashi ya canza, ko ta kwana biyu ba ta ci ba. Wankin gida taimakon gaggawa ne, iyakarsa kenan. Kuma ciwon da ke son ɗinki ya fi kyau a kai shi cikin ƴan awoyin farko, kafin ya gurɓace.

Yanzu ga inda zancen ya daina zama na mussa kaɗai. In ba ka san abin da ya ji mata ciwo ba, ka ɗauka kare ne har sai ka tabbatar. Garuruwanmu cike suke da karnukan da ba su da mai su, kuma ciwon haukan kare yana nan bai tafi ko'ina ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Mafi yawa daga kare ne, amma mussar da kare mai ciwon ya ciza ita ma tana ɗauka, bayan makonni ko watanni ta ba wani. Ƙwayar cutar a miyau take. Shi ya sa muka ce a sa safa ko leda a hannu: miyaun karen na iya kasancewa a jikin gashinta, kai kuma kana da ɗan tsagu a yatsa.

Mussar da halinta ya canza haka kawai, mai sanyi ta koma kai hari, ko miyau na dalala, ko muryarta ta sauya, ko ƙafafun baya sun shanye, wannan ba a kama ta da zane, ba a wanke mata komai. A rufe ta inda take, a kori yara, a kira ma'aikatan kiwo.

In kuma ta ciji mutum ko ta yaƙushe shi har jini ya fito, ko lafiyarta lau, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur. A duba agogo, don minti 15 na da tsawo in kana tsaye bakin famfo. Sannan a tafi likita ranar, ba gobe ba. Dalili biyu ne. Cizon mussa a hannu na saurin ruɓa, cikin awa 12 zuwa 24 hannu na iya kumbura, don ramin siriri ne mai zurfi kuma kusa da gaɓoɓi. Na biyu, likita ne zai duba ko ana buƙatar allurar haukan kare da ta tetanos. Allurar nan tana aiki in an fara ta kafin alamu su fito. In suka fito, kusan babu mai tashi. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ita a Faransa, amma har yau akwai gidajen da ake shafa wa cizo gashin dabbar da aka ƙona a ce an gama.

Kada kuma a yi saurin kashe mussar da ta yi cizo a jefar a bola. In ana iya tsare ta ba tare da haɗari ba, a tsare ta kwana 10 zuwa 15 ana kallo, da sanin ma'aikatan dabbobi. In ta wuce kwanakin nan garau, hankalin kowa ya kwanta. Amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran wannan ba, shi ya riga ya je likita.

Wani zai ce, to ina likitan mussa a Gidan Rumji ko Magarya? Tambaya ce mai kyau. Ƙasarmu ta kiwo ce, kuma ma'aikatanmu na dabbobi an shirya su ne don shanu da tumaki da awaki da raƙuma. Rigakafin da ake zagayawa da shi kowace shekara nasu ne. LABOCEL da ke Yamai allurar bisashe ta fi sarrafawa. Ba laifi ba ne, nan dukiyar ƙasa take. Amma kowace jiha da kowace gunduma akwai ofishin kiwo, akwai kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu da ke shiga ƙauyuka. Wanda ya iya ɗinke cikin tunkiya ba zai kasa duba ƙafar mussa ba. Abin da ke hana mutane zuwa, mun lura, kunya ce: kada a gan ka da mussa cikin kwali a kan kabu-kabu a yi maka dariya. Dattijo zai ja rago tun daga Ali Ɗan Sofo har ofishin kiwo ba ya jin komai, amma mussar da ta tsare masa buhu ashirin na hatsi ba zai iya ɗauka ba.

Kuma wannan kunyar ba ta da tushe a abin da aka karantar da mu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta kulle ba ci ba sha, yana cikin Buhari da Muslim. Ya kuma san daga inda laƙabin Abu Huraira ya fito. Camfin da ke cewa baƙar mussa mayya ce, shi ke sa yara su bi ta da duwatsu da danƙo manya na kallo, kuma kaso mai yawa na raunukan da muke zance daga nan suke, ba daga kare ko kwanon rufi ko fasassun kwalaben kan katanga ba. Uban da ya ga ɗansa na harbin mussa ya yi shiru, shi ma da hannunsa a ciki.

Muna da roƙo ga ofisoshin kiwo da gidajen rediyon gari. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son a daina mutuwa da shi ta cizon kare. In za a yi sanarwar allurar karnuka, a ambaci mussa da sunanta, da Hausa, don mutane da yawa ba su san ana yi mata ba. Ana fara yi tun tana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. A kuma faɗa a fili wace rana, a wane ofishi, nawa ne kuɗin, don mai zuwa daga ƙauye ya san abin da zai riƙo kafin ya hau mota.